Shekarar da Aka Hana Babanku Gishiri

Na san maganar da kuke yi a tsakaninku, ku 'ya'yana, ko da yake ba wanda ya taɓa faɗa mini ita ƙarara sai Balkisu, ita ma sau ɗaya tak. Cewa kuke yi da na tsaya a kan abin da likita ya ce, da babanku ya ƙara shekaru a duniya. Mai yiwuwa ne. Ni ban yi karatun asibiti ba, kuma ba zan tsaya gardama da wanda ya yi ba. Abin da na sani shi ne babu ko ɗayanku a gidan nan a shekarar. Babbanku yana kudu yana bin motocin albasa, Balkisu tana aikin jinya a Sakkwato, sauran kowa yana inda aure ko karatu ya kai shi. Kun ga farkon abin, kun zo kun ga ƙarshensa, tsakiyar kuwa ni kaɗai na zauna a cikinta, daga ni sai murhu. To zan ba ku labarinta yadda ta kasance. In kun gama karantawa kuna nan a kan bakanku, shi ke nan, amma dai ku ga laifina da sani.

Dole in fara da ciyayya, don na lura 'yan baya ba su san nauyinta ba. Yanzu kowane magidanci ɗaki yake shigewa da kwanonsa ya saki labule. A layinmu nan Illela, tun kafin a kawo ni gidan nan, da an sallame Magariba maza ba sa shiga gida. Tabarma ake shimfiɗawa a gindin dogon yaron ƙofar gidan Malam Sanda, aminin babanku, kowane gida ya fito da kwano ɗaya. Ba kowa ke cin nasa ba. Kwano ɗaya ake buɗewa, kowa ya sa hannu, sai an ga gindinsa ko an gaji da shi sannan a buɗe na gaba, har a zagaye. Akwai kuma abin da ba a faɗa amma kowa ya sani: ba a tsallake kwanon mutum. Ko ka ƙoshi sai ka gutsira ka kai baki. Wanda ya janye hannu daga kwanon wani gida ya yi magana ke nan a kan gidan, ko dai yana cewa matar ƙazama ce, ko kuma abin da ya fi wannan muni, wato yana tsoron a sa masa wani abu. Mu mata muna ciki ba ma ganin komai, amma kwano in ya dawo shi ke ba mu labari. Ya dawo a suɗe, ki kwana da farin ciki. Ya dawo da saura, ki kwana kina neman inda kika kuskure.

Shekara talatin da ɗoriya, kullum bayan Azahar kafin babanku ya koma kasuwa, sai na tare shi a bakin zaure na yi masa tambayar da duk matar aure ta gaji da ita.

"Alhaji, mi za a dahwa yau?"

"Abin da yas sawwaƙa, Dije."

Haka yake cewa kullum, kamar mutumin da abin bai dame shi ba. Sai ya sa takalmi, ya kai ƙofa, sannan ya juyo.

"Amma kin san jiya guro anka yi gidan Sanda, shekaranjiya ma guro anka yi gidan Liman. In munka hita da guro yau, sai su ce kasuwar Illela ba a sai da komi sai shi."

Wato an soke miyar kuɓewa ke nan. Mutumin da ba ya iya tuna inda ya ajiye hularsa, amma yana riƙe da abin da kowane gida na layin ya dafa tun daga Juma'ar da ta wuce. Shi zai ce yau a yi tuwon dawa da miyar kuka, a sa busasshen kifi da daddawa sosai, gobe dambu da zogale, ran da ya dawo daga Kwanni da taliya ya ce a yi ta da mai da yaji, ranar Juma'a kuma tuwon shinkafa da taushe ba fashi. Abin da ya fi alfahari da shi kuwa miyar sure ce, yakuwa ɗanya da dakakkiyar gyaɗa, a sauke a zuba mata man shanun Bafulatanar da ke kawo mana daga wajen Garu. Ba yabon kai ba, ran da na yi wannan miyar kwanona ba ya ba ni wahalar wanki. Yakan shigo yana sakace, ya ƙi cewa komai, sai ya dire kwanon da ƙarfi don in ji babu komai a ciki. Iyakar yabon da nake samu daga gare shi ke nan, kuma ya ishe ni.

Sai shekarar da aka rufe boda. Kun san abin da ta yi wa garin nan, ba sai na maimaita ba. Motoci suka yi layi suka tsaya, masu canjin sefa suka koma hamma a kan benci, babanku da ya saba yau yana nan gobe yana ƙetare ya wayi gari ba inda za shi. Sai ya je rumfarsa ya zauna ya dawo. A cikin wannan zaman ne wata rana jiri ya ɗebe shi a kasuwa ya faɗi, aka rirriƙo shi zuwa gida. Balkisu ta sa aka kai shi Sakkwato. Suka auna suka ce hawan jini ne, ga kuma suga, kuma duk sun daɗe a jikinsa. Ita ta dawo da shi da kanta, ta ajiye jaka, ko hijabi ba ta cire ba ta wuce madafi. Ina tsaye ina kallo ta kwashe gishiri, ta kwashe magi, ta ɗauke kwalbar man shanu, ta ɗaure bakin buhun shinkafa.

"Inna, daga yau ba gishiri, ba magi, ba man shanu. Shinkahwa da taliya ku manta da su. Alkama, acca, wake da ganye, su na abincinai."

"To, Balki, in ba gishiri ba magi, mi as saura cikin miya? Ruwan zahi?"

"Ran Baba as saura, Inna."

Ta fi ni gaskiya. Babanku yana kwance a kan tabarma yana jinmu. Abu ɗaya ya ce, kuma daga kansa komai ya fara lalacewa.

"Kowa shi kama bakinai. Ban yarda ko Sanda shi ji ba."

Kada ku ce wauta ce. Sana'arsa ta amana ce. Manoma daga Gidan Katta da Amarawa su ke ba shi albasarsu ya kai ya sayar ya dawo, fuskarsa kawai suke dubawa. Ran da aka ce Alhaji yana da ciwon da ke kada mutum ba shiri, wa zai sake ɗora masa noman shekara? Shi kuwa jira yake a buɗe boda ya koma inda ya tsaya. Ban da haka ma, mutum ne da ya gwammace a zage shi da a ce masa sannu.

Da fari na ɗauka abin mai sauƙi ne: in dafa abin da Balkisu ta ce, a fita da shi ciyayya. Na tuƙa tuwon alkama, na yi miyar alayyahu ba gishiri ba mai, na cika ta da albasa da daddawa ina roƙon Allah ya rufa asiri. Kwanon ya dawo kusan yadda ya fita, sai 'yan wuraren yatsu a gefe, inda kowa ya gutsira don kada a ce ya tsallake. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Babanku ya ajiye shi a hankali, ba ƙara.

"Mi sunka ce?"

"Sanda yac ce in ba ki haƙuri, ko mi niy yi miki."

Da wasa ya faɗa, amma bai yi dariya ba. Akwai kuma abin da hankalina bai kai ba sai daga baya: ko da nawa kwanon ya zama magani, ai sauran kwanonin layin ba magani ba ne, kuma dole ya ci kowanne. Da Balkisu ta zo ƙarshen wata ta ɗaura masa abin awo a hannu, sai na ga fuskarta ta canza. Ta tambaye shi, ya faɗa mata gaskiya. Ba ta yi faɗa ba. Durƙusawa ta yi a gabansa ta kama ƙafarsa tana kuka, ta ce don girman Allah ya daina fita. Kun san babanku da Balkisu, 'yar gaban goshinsa ce, bai taɓa iya ce mata a'a ba. Ni ma na goya mata baya, kada ku manta da wannan, har na ce masa in ciwo ya kwantar da shi ba abokai za su yi jinyarsa ba. Ya dube ni, ya dube ta, ya ce to, ya yi alkawari.

Daga nan aka shiga watannin da ba ku gani ba. Yana sallame Magariba sai ya biyo ta gaban tabarmar ya yi sallama, su ce bismilla, ya ce alhamdu lillahi, ya shige gida. Ni kuma na koma koyon girki da furfurata. Duk abin da zai iya tsayawa a madadin gishiri na gwada shi: tsamiya, lemon tsami, citta, tafarnuwa, masoro, har garin ƙuli. Yau faten acca da rama, gobe wake da alayyahu, jibi kwaɗon zogale da tumatir, in sake komawa tuwon alkama da kuka. Abin da na dafa masa shi nake ci, don kada ƙamshin wata tukunya ya isa ɗakinsa. Da tunanin abin da zan ɗora da yamma nake kwana, da shi nake tashi. In na tare shi da tambayata ta kullum, amsa ɗaya ce.

"Ki tambayi likitarku."

Da tafiya ta yi tafiya ya daina amsawa ma, sai ya ɗaga kafaɗa ya wuce. A ɗakinsa yake ci, shi kaɗai. Na ce in zo in zauna mu ci tare, ya ce tun da ya yi wayo bai taɓa haɗa kwano da mace ba, ba zai fara da tsufansa ba. Ba raini ba ne, haka aka tashe su. Ɗakin nan kuwa bangonsa layi yake kallo, don haka duk abin da ake yi a gindin dogon yaro yana kunnensa: ƙarar murfin kwano, gardamar yaushe za a buɗe boda, dariyar Malam Sanda da ake ji har masallaci. Sai ya kunna rediyo ya ƙure murya. In na shiga ɗaukar kwano in tarar ya yi 'yan lomomi ya ture, yana zaune yana kallon bango. Akwai ranar da na wuni a kan kifi guda, na gasa shi a garwashi da citta da lemon tsami, na yi masa haɗin kabeji da albasa, na tabbata ko mai lafiya zai lashe yatsa. Ya ci kaɗan, ya ɗago kai.

"Ya yi daɗi, Dije. Sannu da aiki."

Na fita na tsaya a bayan ƙofa. Mutumin da bai taɓa yaba girkina da baki ba, yau shi ke ce mini sannu. Tausayina yake ji, ba daɗin kifi ba.

Awon kuwa ya yi kyau. Duk zuwan Balkisu sai ta yi murna, ta ce Inna kin ga aikinki. Ni kuma ina ganin riga tana yi masa yawa, ina ganin mutumin da ke cika gida da surutu ya koma sai ya wuni ba ka ji muryarsa ba. Abin da ya fi tsorata ni shi ne ran da na ga ya shimfiɗa buzu ya yi Magariba a tsakar gida, shi da ko ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya ba ya barin jam'i. Gajiya ya yi da bi ta gabansu, ya gaji da cewa alhamdu lillahi yana wucewa kamar mai gaba da su. Na faɗa wa Balkisu a waya cewa babanta fa yana ƙarewa. Ta ce ramar ma lafiya ce, zai saba. Ban ga laifinta ba. Ita lamba take gani, kuma lambar ba ta yi mata ƙarya ba.

Wata rana bayan La'asar ina tsince wake sai ga Kulu, matar Malam Sanda. Ni da Kulu ba ma jiran sallama, ta katanga muke miƙa wa juna garwashi da daddawa. Ranar kuwa ta ƙofa ta shigo, da mayafi, ta tsaya tana sallama kamar baƙuwa. Na kawo mata ruwa ta ƙi taɓawa.

"Yaya Dije, na zaka ki hwaɗa min gaskiya tsakaninki da Allah. Mi munka yi ma Alhaji?"

"Kamar ƙaƙa, Kulu?"

"Ke kaɗai ta ba ki ji ba? Gari duk ya ɗauka. Wai jajibirin ranad da yah hwaɗi kasuwa, dambuna yac ci ƙarshe. Wai an yi mishi duba, anka ce daga gidanmu abin yah hito, shi yas sa yab bar cin abincin layi. Ɗiyata da ka soya awara bakin tasha, kullum da kayanta taka dawowa. Malam bai ce ma kowa komi ba, amma ya bar walwala. Kwanona cike shika dawowa, Yaya Dije. Cike."

Na rasa inda zan sa kaina. Maganar tana bakina, amma an ɗaure ni. Na rantse mata ba haka ba ne, ta ce to mene ne, na kasa amsawa, ta tashi ta tafi da abin da ta zo da shi har da ƙari. Ban jira ba, na shiga na sami babanku na zayyana masa komai. Ban taɓa ganin hawayen babanku ba, ko ran da mahaifiyarsa ta rasu, sai ranar.

"Ni da Sanda tare munka yi kiwon awaki. Shi yar raka ni neman aurenki."

"To ka hito ka gaya musu ba ka da lahiya."

"In na hwaɗi yanzu, wa ka yarda? Cewa za su yi ai ga ciwon da anka sa mishi nan ya bayyana. Magana ba ta wanke Kulu, Dije. Sai an ga hannuna cikin kwanonta."

"To ka hita sau guda."

"Wanda yac ci yau yab bari gobe, ƙara tabbatar musu yay yi."

Bai ce in yi komai ba. Ku ji wannan da kyau, don na ji ana cewa shi ya tilasta mini, wasu kuma suna cewa ni na lallaɓa shi don in dawo da sunan girkina a layi. Duk ba haka ba ne. Ya yi wa Balkisu alkawari, kuma ba zai karya shi da kansa ba ko da zai ƙare a ɗakin nan. In za a karya, sai dai wani ya ɗauki nauyin, kuma ba wani a gidan sai ni.

Washegari bayan Azahar ban tambaye shi komai ba. Na sa aka sayo mini yakuwa, na daka gyaɗa, na tare Bafulatanar Garu na karɓi man shanu, har tana tambayata ko tafiya muka yi. Na tuƙa tuwon dawa. Da miya ta tafasa na ɗebi gishiri a tafin hannuna na tsaya a kan tukunya. Kada ku zaci ban san abin da nake yi ba. Fuskar Balkisu na gani tana kuka, maganar likita ta dawo mini ɗaya bayan ɗaya, na san abin da ke hannuna zai iya rage masa kwana. Na kuma san zaman ɗakin can yana cin wani abu a jikinsa wanda abin awo ba ya nunawa, ga Kulu da 'yarta suna ɗauke da laifin da ba su yi ba. Na auna su iyakar hankalin da Allah ya ba ni, na yi bismilla na zuba. Da aka kira salla na cika buta na kai masa, na ce in zai tafi masallaci ga ruwa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya yi alwala ya fita. Yana fita na kwashe tuwo na rufe, na kai kwanon zaure na ajiye a inda aka saba ajiye shi. Da ya dawo na ji takunsa ya tsaya a zauren.

"Dije."

"Na'am, Alhaji."

"Kwanon mi na wanga?"

"Na waje na."

"Kin san abin da Balki tac ce."

"Na sani. Kai kay yi mata alkawari, ni ban yi ba. Ni nid dahwa, ni nik kai zaure. In ta tambaya, ni ta."

Can na ji murfin kwano ya motsa, na ji takunsa ya fita. Na bar tukwane na je na manna kunnena a bango, ni da girmana. Hirar da ake yi ta ɗauke ɗif. Sai muryar Malam Sanda.

"Ku matsa mishi."

Na ji an matsa, na ji ya zauna, sannan babanku ya yi magana yadda har 'yan layin baya za su ji.

"Namu shi jira. A buɗe na gidan Sanda tukuna."

Na zame na zauna a gindin bangon na yi kuka, kuma har yau ban san ko na daɗi ne ko na tsoro ba.

Ban ɓoye ba. Da safe ni na kira Balkisu na faɗa mata. Na ce safe da rana abincinta zai ci, magani kuma ni zan tsaya a kansa sai ya haɗiye, amma na yamma na bar masa. Da na gama sai ta ce:

"Inna, da hannunki za ki kashe shi."

Wannan ce maganar da ta faɗa sau ɗaya.

Ya ga damina bayan haka, ya ga kaka, har aka fara cire sabuwar albasa. Na yi iya dabarata. Na riƙa rage gishirin kaɗan-kaɗan yadda harshe ba zai kama ba. Na karya umarninsa na raɗa wa Kulu gaskiya, ita ma ta rage nata, har Malam Sanda yana ƙorafi wai matan layin nan sun haɗa baki. Amma sauran gidajen ba su sani ba, kuma kun san halin maza, wanda suke so shi suke tura wa tsoka da kitse. Awon ya sake hawa ina gani. Balkisu ta daina cewa komai, sai ta auna ta naɗe abinta ta sa a jaka. Shi kuwa ya dawo. Ya koma jam'i, ya koma tsayawa a ƙofa yana soke mini miya, ya hau mashin har Gidan Katta ya duba fadama ya dawo yana mitar tsadar taki. Har faɗa muka yi wai na cika kanwa a kuka, kuma wallahi na ji daɗin faɗan nan.

Wata safiya yana alwala buta ta suɓuce masa. Na fito na tarar bakinsa ya karkace, yana kallona yana son magana ba hali. Sauran kun sani, kuna wurin. A asibiti likita ya tambaya ko yana kiyaye abinci. Balkisu ta juyo ta kalle ni. Na ce jiya da yamma tuwon dawa ya ci da miyar sure da man shanu, da duk abin da sauran gidaje suka fito da shi. Likitan ya girgiza kai. Bai kai Juma'a ba Allah ya karɓi abinsa.

Ba zan ce muku gishiri bai yi komai ba. Kwana ne ya ƙare, haka ne, amma Allah yana sa sababi, kuma na san ta hannun wa wannan ya biyo. Ina ɗauke da shi, ba ranar da ba na tunawa, amma da za a mayar da ni kan tukunyar nan, zubawa zan sake yi. Abin da na biya kuma kun gani da idonku. Tun daga ranar Balkisu gaisuwar baƙi take yi mini. Tana aiko da magani, tana aiko da atamfa da Salla, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, amma in ta zo gidan nan ba ta ƙara jawo kujera ta zauna kusa da ni a madafi mu yi hira kamar da ba. Na rasa miji, 'yar ma rabinta ya rage mini. Ciyayyar ma ba ta daɗe ba. Da Malam Sanda ya bi bayansa aka naɗe tabarmar, ba a sake shimfiɗa ta ba.

Abin da ya sa na tono duk wannan yanzu shi ne, bara ni ma aka ɗaura mini abin awon nan aka ce jinina ya hau. Balkisu ta zo ta kwashe abin da za ta kwashe, ta yi wa matar babbanku bayani, ita kuwa yarinya ce mai biyayya, ba ta kuskure ko ɗaya. Kullum bayan Magariba sai a kawo mini 'yar kula ɗakina, tuwon alkama ko faten acca, a ce Inna sannu, a ja mini ƙofa. A tsakar gida kuma ita da yara sun kewaye faranti, ina jin ana rigimar wa ya ɗauki nama. Na daure watanni. Makon jiya na ɗauki kulata na fito na zauna a gefen tabarmarsu. Yara suka yi murna, ƙaramar ta matsa mini wuri. Ban yi niyya ba, wallahi hira ce ta ɗauke ni, sai kawai na ga hannuna ya nufi farantin. Uwarsu ta janye farantin a hankali, idonta a ƙasa.

"Ki yi haƙuri, Inna. Anti Balki ta hana."

Na mayar da hannuna cikin zane. Ban yi fushi da ita ba, umarni aka ba ta. Yaran suka yi tsit, ba wanda ya ƙara kai loma, sai na ga zamana ya hana su cin abinci, na ɗauki kulata na koma ɗaki. Balkisu, ke kika ba da umarnin nan, ke kaɗai za ki iya janye shi, kuma na san kina da gaskiya yau kamar yadda kike da ita wancan karon. Ba zan karya maganarki a ɓoye ba. Roƙonki nake yi, tunda ni ba ni da wanda zai kai mini kwano zaure.